Edward Lawton: Ba'amurken da ya zama bishop na farko a Sakkwato

Ranar 19 ga Disamban 1966, saura kwana shida Kirsimeti, wani Ba'amurke ɗan shekara 53 ya rasu a cikin mota yana kan hanya daga Sakkwato zuwa Kaduna. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. Sunansa Edward Thaddeus Lawton, kuma shi ne bishop na farko da ɗarikar Katolika ta naɗa a Sakkwato.

Wanda ya saba bin wannan hanya ya san ta: daga Sakkwato a ratsa Talata Mafara, a bar mahaɗar Bakura da ta Maradun a gefe, a faɗa Gusau, sannan a miƙe Funtuwa da Zariya. A wancan zamani duk waɗannan garuruwa na Zamfara gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A takardun fadar Fafaroma kuwa, suna cikin yankin da aka damƙa wa Lawton. Shekara kusan 13 ya yi yana zirga-zirga a wannan yanki, yana neman mabiyan da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, kuma yawancinsu baƙi ne.

An haife shi ranar 12 ga Oktoban 1913 a South Boston, wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi a jihar Massachusetts ta Amurka, inda 'yan asalin ƙasar Ailan suka yi kaka-gida. A Boston ya yi karatu, daga nan ya shiga ƙungiyar Dominika, aka naɗa shi fada a 1943. Ya yi shekaru yana koyarwa a wata makarantar sakandare ta ƙungiyar a kusa da Chicago. Ba abin da ke nuna cewa malamin makarantar nan zai ƙare rayuwarsa a ƙasar Hausa.

Ita wannan ƙungiya tsohuwa ce. Wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Dominic ya kafa ta, Fafaroma ya amince da ita a 1216. 'Ya'yanta ba sa aure, ba sa mallakar dukiya ta ƙashin kansu, suna sa farar doguwar riga, kuma an san su da karatu da wa'azi. Akwai maza, akwai mata sistoci, akwai kuma masu aure da ke bin tafarkinta daga gidajensu. Duka suna kiran kansu iyali guda. Da wannan iyali Lawton ya zo Najeriya, ba da mata ko 'ya'ya ba.

A 1951 reshen ƙungiyar na Chicago ya turo fadoji uku zuwa Legas, suka sauka a Yaba. Lawton na cikinsu, haka ma Michael Dempsey, wanda daga baya ya gaje shi. Ba su daɗe ba sai aka buɗe musu wata ƙofa a Arewa. A 1953 fadar Fafaroma ta yanke lardin Sakkwato da lardin Katsina ta mai da su yanki mai zaman kansa, a watan Janairun 1954 kuma aka ba Lawton shugabancinsa. Ba bishop aka naɗa shi ba tukuna. Muƙami ne da ake ba fada ya riƙe yankin da mabiyansa ba su kai a kira shi dayosis ba.

A taswirar yau, wannan yanki ya haɗa jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina da akasarin Kebbi.

Ba shi ne ɗan Katolika na farko da ya taka ƙasar Hausa da niyyar mishan ba. Tun 1710 wasu fadoji biyu 'yan ƙungiyar Faransis suka taso daga Tarabulus, suka ratso Fezzan da Agadas, suka iso Katsina, inda cuta ta kashe su a 1711. Ba su bar coci ko mabiya ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Inda aka bar su su yi aiki shi ne Sabon Gari, tsakanin baƙi, sai kuma wuraren kula da kutare kamar na Amanawa, wanda mishan ɗin SIM ta riƙe.

Wannan ne ya sa Lawton, duk da sunan muƙaminsa na Sakkwato ne, ya zauna a Gusau. Jirgin ƙasa ya iso garin tun ƙarshen shekarun 1920 a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ya zo da cinikin gyaɗa da auduga, ya kuma zo da ma'aikatan reluwe, akawuna, makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu. Yawancin 'yan Katolikan cikinsu 'yan ƙabilar Ibo ne. Kafin zuwan 'yan Dominika, fadojin ƙungiyar SMA ne kan leƙo su. Cocin Katolika na Gusau shi ne ake kira Our Lady of Fatima. Bahaushe in ya ji sunan yakan ɗaga kai, amma Fatimar da ake nufi wani gari ne a Fotugal, ko da yake shi ma garin daga sunan Larabci ya samo nasa.

A 1956 sauran iyalin suka iso. Sistocin Dominika daga garin Great Bend na jihar Kansas suka sauka Gusau, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa. In ana maganar gaskiya, ta hannunsu ne talakan Zamfara ya san wannan mishan. Matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare ba ta tambayar ɗarikar ungozoma, su ma sistocin ba su tambayi addininta. Fada yana wa'azi ga 'yan cocinsa ranar Lahadi, sista kuwa kullum tana tare da mutanen gari. Daga Gusau aikin ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Funtuwa, da Yelwa ta ƙasar Yawuri, da kuma Malumfashi, inda suka sami shiga ƙauyukan Maguzawa.

Lokacin da ya fi nauyi a shekara shi ne Ista. Ga ɗan Katolika, Ista ta fi Kirsimeti daraja. Ana shiga ta ne bayan kwana 40 na azumi da ƙanƙan da kai, waɗanda ke ƙarewa da mako guda na ibada a jere: Lahadin da ake riƙe ganyen dabino, Alhamis da fada ke wanke ƙafafun wasu daga cikin mabiya, Juma'ar da suke tunawa da gicciye Yesu bisa aƙidarsu, sai daren Asabar da wayewar Lahadi da suke murnar tashinsa. Dokar cocin ta wajabta wa kowane baligi ya karɓi jibin Ubangiji a wannan lokaci, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma al'ada ce ya fara zuwa gaban fada ya furta zunubansa. Wannan ba ya yiwuwa sai da fada. Ga shi fadojin 'yan kaɗan ne, mabiyan kuma a warwatse: gida biyu a wata tashar jirgi, akawu guda a rumfar awon gyaɗa, ma'aikacin hanya a wani ƙauye. Tilas fada ya hau mota ya bi su.

Kuma Ista a nan tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, rijiyoyi sun ja baya, sanƙarau na yawo. A Boston, inda Lawton ya tashi, lokacin ne sanyi ke sakin jiki furanni su fito. A Gusau kuwa sai ga mutum cikin doguwar riga har ƙasa, ya ɗora kayan ibada a kai, a ƙarƙashin rufin kwano.

Shekarun da ya fara aiki sun zo daidai da wani sauyi. Fafaroma Pius na 12 ya mayar da ibadar jajibirin Ista cikin dare, bayan ƙarnuka ana yin ta da safiyar Asabar, kuma daga 1956 sabon tsarin ya zama doka a ko'ina. Ana hura wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir, a shiga da shi cikin duhu, kowa ya kunna nasa daga gare shi. Da Latin ake yin komai, harshen da ba Ibo ba Bahaushe ba Ba'amurke da ya sha shi a nono. Sai a Disamban 1963 babban taron bishop-bishop na Vatican ya ba da damar a riƙa amfani da harsunan jama'a, abin da ya buɗe wa Hausa hanyar shiga ibadar Katolika.

A watan Yunin 1964 Fafaroma Paul na 6 ya ɗaga yankin ya zama dayosis, aka keɓe Lawton bishop a watan Agusta. Yana cikin waɗanda suka halarci wancan taro na Vatican, wanda a ranar 28 ga Oktoban 1965 ya fitar da takardar da ake kira Nostra Aetate. A cikinta cocin Katolika ya bayyana girmamawa ga Musulmi, ya ambaci bautarsu ga Allah ɗaya da sallah da sadaka da azumi, ya kuma nemi a bar gabar da ta wuce. Ga bishop ɗin wani birni a Turai, wannan magana ce ta takarda. Shi kuwa Lawton maƙwabcin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne, a lardin da Sardauna Ahmadu Bello ya fito. A 1964 ɗin nan ne wani matashin fada ɗan ƙungiyarsu, Joseph Kenny, ya iso Najeriya, ya koyi Hausa da Larabci, daga baya ya yi shekaru yana koyar da nazarin Musulunci a Jami'ar Ibadan.

Sai 1966 ta shigo.

Ranar 15 ga Janairu, cikin watan azumi, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, daga baya aka tsinci gawarsa. Yawancin hafsoshin da suka kitsa juyin 'yan Ibo ne, kuma Janar Ironsi da ya karɓi mulki shi ma haka. Arewa ta yi shiru, irin shirun da ba na lafiya ba. Babbar Sallah ta zo a farkon Afrilu, Ista ta biyo ranar 10 ga wata. Ita ce Ista ta ƙarshe da Lawton ya gani, kuma ta ƙarshe da mabiyansa na Sabon Gari suka yi a cike.

Ranar 24 ga Mayu Ironsi ya fitar da Doka ta 34, wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe ƙasa a hannu guda. Kafin mako ya zagayo tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ta kai Katsina da Funtuwa da Gusau. A ƙarshen Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa. A Satumba da Oktoba kashe-kashen suka fi muni, dubban mutane suka mutu, dubun-dubatar 'yan Gabas suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka cika jiragen ƙasa. Akwai maƙwabta da sarakunan da suka ɓoye baƙi a gidajensu, kuma har yau ana yaba wa Sarkin Musulmi Abubakar kan ƙoƙarin da ya yi na kwantar da Sakkwato. Amma akawu da telan Sabon Gari da aka kashe ba su san hawa ba, ba su san sauka ba a abin da ya faru ranar 15 ga Janairu.

Jirgin da ya kawo wa Gusau 'yan Katolika shi ya kwashe su. Cikin 'yan watanni, cocin da aka yi shekara 12 ana tarawa ya koma kujeru babu mutane, makarantu suka rasa malamai da ɗalibai. Masu sukar aikin mishan na wancan zamani suna da hujja a nan: cocin baƙi ne, bai yi saiwa a ƙasar ba, shi ya sa iska guda ta kwashe shi. Lawton bai yi tsawon ran da zai ba da amsa ba. Bai cika shekara biyu da rabi a kujerar bishop ba ya rasu.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, aka naɗa abokin tafiyarsa Michael Dempsey ya gaje shi. Bayan yaƙin 'yan Gabas suka fara dawowa, aka kuma ƙara mai da hankali kan ƙauyukan Maguzawa da horar da masu koyar da addini da Hausa. Sistocin Kansas suka raini 'yan matan Najeriya, har aka sami ƙungiyar sistocin Dominika 'yan ƙasa da ke ɗauke da sunan Gusau. Bayan Dempsey aka yi Kevin Aje, sannan Matthew Hassan Kukah daga 2011.

Gusau ta zama hedikwatar jiha a 1996, amma har yanzu 'yan Katolikan garin suna ƙarƙashin bishop ɗin Sakkwato. Ɓangaren Katsina kuwa an yanke shi a 2023 ya zama dayosis mai cin gashin kansa, kuma wanda aka naɗa bishop ɗinsa na farko, Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne.