Otto Loewi da zukatan kwaɗi biyu

In ka taka ƙaya, nan da nan sai ka ɗauke ƙafa. Wa ya gaya ma ƙafar ta ɗaga? Akwai jijiyoyi a jikinmu waɗanda ba jini suke ɗauka ba. Farare ne, sirara kamar zare, aikinsu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Tun da daɗewa masana sun san saƙon yana bin jijiya kamar yadda wuta take bin wayar lantarki. Amma ƙarshen jijiya bai manne da tsoka ba, akwai ɗan rata ƙanƙane tsakaninsu wanda ido ba ya gani. To, ƙaƙa saƙo yake ƙetare wannan rata? Mutumin da ya fara ba da amsa mai hujja shi ne Otto Loewi.

An haifi Otto Loewi ran 3 ga watan Yuni na shekarar 1873 a birnin Farankfut na ƙasar Jamus. Iyayensa Yahudawa ne, ubansa ɗan kasuwa. Yana yaro ba aikin likita yake so ba. Zane-zane da kiɗa su suka fi jan hankalinsa, har ya so ya karanta tarihin zane a jami'a. Iyayensa suka ƙi, suka ce likitanci za ya koya. Ya bi maganarsu, ya gama karatu a birnin Sitarasbur a 1896.

Daga nan ya kama aiki a babban asibitin garinsu. Aikin bai yi masa daɗi ba. A lokacin babu maganin tarin fuka, babu na ciwon huhu. Kullum yana ganin samari majiya ƙarfi suna mutuwa, likitoci na tsaye ba abin da za su iya. Sai ya ga gara ya koma binciken yadda magunguna suke aiki cikin jiki. A 1898 ya bar asibiti ya shiga ɗakin bincike a garin Marbur. A 1902 ya je Landan, inda ya gamu da wani saurayi Baturen Ingila, Henry Dale. Suka ƙulla abota wadda ba ta yanke ba har mutuwa ta raba. A 1909 aka ba shi kujerar babban malamin ilimin magunguna a jami'ar Giraz, cikin ƙasar Otirish.

Tun wajen 1903 Loewi ya taɓa tunanin ko jijiya wani sinadari take zubarwa a ƙarshenta, shi ne yake ƙetare ratar. Bai ga hanyar gwadawa ba, sai ya manta da zancen shekara da shekaru.

Ga yadda shi da kansa ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Wani dare, lokacin bikin Ista na Kirista, ya farka daga barci da wata dabara a kansa. Ya kunna fitila, ya rubuta ta a ƴar takarda, ya koma barci. Da gari ya waye ya tuna ya rubuta wani abu mai muhimmanci, amma ya kasa karanta rubutun hannunsa. (Ku masu rubutu kamar tafiyar kaza, kun ji.) Ya wuni yana ta ƙoƙarin tunawa, a banza. Dare na biyu, wajen ƙarfe 3, dabarar ta sake zuwa. Wannan karon bai tsaya neman alƙalami ba. Ya tashi ya sa tufafinsa, ya nufi ɗakin bincike.

Ku saurara da kyau, don gwajin ba shi da wuya. Zuciyar kwaɗo takan ci gaba da bugawa ko an fidda ta daga jiki, muddin an sa mata ruwa mai ɗan gishiri. Loewi ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu. Ta farko ya bar ta da jijiyarta, wadda ake ce ma bagus. Wannan jijiya an san aikinta: in aka taɓa ta da lantarki, bugun zuciya sai ya ragu. Ta biyu kuwa ya cire mata jijiyar. Ya taɓa jijiyar zuciya ta farko da lantarki na ƴan mintoci, zuciyar ta rage bugu kamar yadda aka saba. Sai ya ɗebi ruwan da ke cikinta, ya zuba ma ta biyu. Zuciya ta biyu, wadda ba ta da jijiya, kuma lantarki bai taɓa ta ba, ita ma ta rage bugu.

Me ya kai mata saƙon? Ruwa kaɗai ya tashi daga waccan zuwa wannan. Ke nan jijiya ta zuba wani abu cikin ruwan, shi ne ya ba da umurni. Loewi ya buga sakamakon a 1921. Da yake bai san ko mene ne abin ba tukuna, ya raɗa masa suna da Jamusanci mai ma'anar sinadarin bagus.

Ba kowa ya yarda ba. Waɗansu masana sun gwada, bai yi masu ba. Dalili kuwa, sinadarin kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ya daɗewa sai ya ɓace. Loewi da abokin aikinsa Navratil suka yi ta bin sawunsa. A 1926 suka nuna cewa akwai wani abu a jiki mai farfasa sinadarin da zarar ya gama aikinsa. In ba haka ba, da saƙo ɗaya sai ya yi ta maimaita kansa, zuciya ta tsaya. Abin da ya taimake su daga Afirka ya fito. Akwai wani wake mai dafi da ke tsirowa wajen Kalaba, a kudancin Nijeriya. Maganin da ake fiddawa daga waken nan yana hana farfasawar, sai sinadarin ya taru har a iya auna shi. Da haka suka gane asetilkolin ne, sinadarin da abokinsa Dale ya bayyana aikinsa tun 1914. A 1929 Dale ya same shi cikin saifar doki da ta sa, aka tabbata jiki ne yake yin sa. A 1936 aka ba Loewi da Dale lambar yabo ta Nobel tare.

Bai daɗe yana jin daɗinta ba. A watan Maris na 1938 sojojin Hitila suka shiga Otirish. Nan da nan aka kama Loewi da ƴaƴansa maza biyu aka kai su gidan kaso, ba don sun yi laifi ba, sai don su Yahudawa ne. Yana kusa da shekara 65. Ya ɗauka kashe shi za a yi, amma abin da ya fi damunsa shi ne sakamakon bincikensa na ƙarshe, wanda bai riga ya buga ba. Ya roƙi mai gadi fensir da ƴar takardar wasiƙa, ya rubuta sakamakon a taƙaice, aka aika ma wata mujallar masana. Bayan kamar wata biyu aka sake shi. Kafin a bar shi ya fita ƙasar, sai da aka tilasta masa ya miƙa dukiyarsa duka, har da kuɗin lambar Nobel da ya ajiye a banki a birnin Sitokolm. Ya isa Ingila hannu wofi, Dale ya karɓe shi. Ya koyar a Beljik da Ingila, sa'an nan a 1940 ya tafi Amurka, jami'ar Niyok ta ba shi aiki. Matarsa Guida ta iske shi can a 1941.

A zuciyar kwaɗo Loewi ya yi gwajinsa, amma bayansa aka gane ƙwaƙwalwa ma da irin wannan hanya take aiki. Ƙwayoyinta suna aika ma juna saƙo da sinadarai iri-iri, asetilkolin kuwa yana cikin manyansu. Akwai wani gungun ƙwayoyi can ƙasan ƙwaƙwalwa ta gaba masu watsa shi zuwa sassan tunani da na ajiye abin da aka koya. Lokacin da kuka natsu kuna sauraron malam, yana ƙaruwa. Yana taimaka ma mutum ya mai da hankali kan abu ɗaya, ya kuma riƙe sabon darasi. Cikin barci mai nauyi yakan ragu, sa'an nan ya sake hawa lokacin da ake mafarki. Abin mamaki, watau sinadarin da Loewi ya gano yana cikin aiki a kansa daren da dabarar ta zo masa.

A 1976 masana a Biritaniya suka gano cewa tsofaffi masu cutar mantuwa da ake ce ma Alzaima sun rasa da yawa daga ƙwayoyin da ke yin asetilkolin. Magungunan da aka daɗe ana ba su suna hana farfasa sinadarin, kamar yadda maganin waken Kalaba yake yi. Ba su warkar da cutar, sauƙi suke kawowa na wani lokaci. Waɗansu magungunan ƙwari da ake fesa ma gonaki su ma farfasawar nan suke hanawa, amma da ƙarfi ƙwarai. In suka shiga jikin mutum, sinadarin yakan taru fiye da kima, miyau da zufa su yi ta zuba, jiki ya kama rawa, numfashi ya yi wuya. Don haka ne ake hana ku wasa da gwangwaninsu ko zuba ruwan sha a ciki.

Loewi ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1946. Ya ci gaba da bincike har tsufa ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Niyok ran 25 ga watan Disamba na 1961, yana da shekara 88.