Tarihin Alhaji Umaru na Kete-Karaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ɗan'uwa, kafin in shiga sharhi ina so ka san ko wane ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kano wajen 1858. Mahaifinsa farke ne mai fataucin goro, shi ma ya bi hanyar ayari har Salga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, sai ya koma Kete-Karaci. Can ya yi limanci, can ya cika a 1934.

To ka sani, goro ne ya kawo Hausa wannan ƙasa, har zango, masaukin ayari, ya zama sunan unguwa. Malam kuwa gwanin Larabci ne, da shi ya wallafa littafin koyon rubuta wasiƙa. Amma da ya zo kan zancen talauci da wadata, sai ya yi waƙarsa da Hausa cikin ajami. A ganina ya san da wa yake magana: fatake da 'yan alaro, waɗanda da Hausa suke cin bashi, da ita ake binsu. Har waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi sai da ya juya su zuwa Hausa.