Martin Luther

Martin Luther (10 ga Nuwamba, 1483 – 18 ga Fabrairu, 1546) malamin tauhidin Kirista ne ɗan ƙasar Jamus, jagoran gyaran coci a ƙarni na 16. A garin Eisleben aka haife shi, a can kuma ya rasu.

Ya shiga zuhudu a Erfurt a 1505, ya duƙufa ga azumi da furta zunubi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana koyarwa a Jami'ar Wittenberg ne nazarin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya kai shi ga cewa Allah kan barata mutum, wato ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ta wurin bangaskiya kaɗai. A ganinsa, ayyuka nagari 'ya'yan bangaskiya ne, ba a sayen ceto da su. Shi ya sa a 1517 ya soki sayar da takardun gafara. Paparoma Leo na 10 ya kore shi daga coci a 1521.

Cocin da ke ɗauke da sunansa a Najeriya ta samo asali ne daga Numan, inda likita Niels Brønnum, ɗan Denmark, ya isa a 1913.