JOHN NEWTON: MAI FATAUCIN BAYI WANDA YA SAMI JINƘAI

Kowa ya san yadda ake shiga gaban sarki. Idan mutum ya taso daga ƙauye, kamar Kuberi, ya tafi fada a Birnin Kebbi, ba ya kutsa kai haka kawai. Sai ya sa rigarsa mai kyau, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya jira a yi masa iso. To, idan haka ne ga sarkin duniya, ƙaƙa mai zunubi za ya tsaya gaban Allah Mai Tsarki? Wace riga za ya sa? Wa za ya yi masa iso? Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata ya sha wuya ƙwarai kafin ya sami amsa.

Ƙuruciyarsa

An haifi John Newton a birnin Landan, ƙasar Ingila, a shekara ta 1725. Ubansa kyaftin ne na jirgin ruwa. Uwarsa mai tsoron Allah ce. Ita ta koya masa karatu, ta sa ya haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki, tana sa zuciya wata rana za ya zama mai wa'azi. Amma tarin fuka ya kama ta, ta rasu a 1732, yaron bai cika shekara bakwai ba. Da ya kai shekara 11 ubansa ya shiga tafiya da shi cikin jirgi.

Sa'anda ya zama saurayi, lamirinsa ya riƙa damunsa. Ya yi ta ƙoƙari ya gyara kansa da kansa. Ya yi azumi, ya bar cin nama, ya tsawaita addu'a. Duk wannan bai ba shi salama ba, gama zuciyarsa ba ta sake ba. Daga baya ya watsar da bangaskiya ɗungum. Ya zama mai saɓo, mai ba'a ga sunan Yesu, har yana jan waɗansu samari su bi shi.

A 1744 aka kama shi tilas aka sa shi aikin jirgin yaƙi. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban dukan ma'aikatan jirgi. A 1745 aka mai da shi wani jirgin fataucin bayi mai zuwa Afirka ta Yamma.

Bawan bayi

A bakin tekun Saliyo ya sauka, ya shiga barantaka wurin wani Bature mai sayen bayi a wani ɗan tsibiri da ake kira Plantain. Nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Matar maigidan ta ƙi jininsa, ta hana shi abinci. Yunwa ta sa yakan fita da dare ya tono saiwa ya ci ɗanya. Waɗanda suka ji tausayinsa su ne bayin da ke ɗaure da sarƙa. Su suka riƙa ɓoye masa ɗan abin da aka ba su. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu ga irin sakayyar da ya yi wa 'yan'uwansu.

Ubansa ya roƙi wani mai jiragen ruwa a nemo shi. A 1747 jirgin da ake kira Greyhound ya same shi, ya ɗauke shi. Amma halinsa yana nan. Zaginsa da saɓonsa sun ba kyaftin ɗin kansa tsoro.

Hadari a teku

Cikin watan Maris 1748, suna kan hanyar Ingila, babban hadari ya auka musu da dare. Newton ya farka ya ga ruwa ya cika ɗakinsa. Wani mutum da ya riga shi hawa sama, raƙuman ruwa suka share shi nan take. Aka ɗaure Newton da igiya yana zuƙe ruwa da famfo tun kafin asuba har tsakar rana. Cikin wannan wahala bakinsa ya suɓuce, ya roƙi Ubangiji ya ji ƙansu. Shekaru da yawa bai yi irin wannan roƙo ba.

Maganar ta tsaya masa a rai. Da aka sa shi riƙon akalar jirgi, ya yi ta tunani. Ayoyin da uwarsa ta koya masa suka komo, amma da fari tsoro suka ƙara masa. Ya tuna Allah Mai Tsarki ne. Ya dubi ransa, ya ga ba shi da komai da za ya kawo sai saɓo. Ya ga kamar ƙofa ta rufe masa har abada.

Akwai Sabon Alkawari cikin jirgin. Ya shiga karantawa. A Luka sura 11 ya ga Uba na sama yana ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙonsa. A sura 15 ya karanta labarin ɗan nan da ya ɓad da dukiyar ubansa, ya komo da tsummoki, uban kuwa ya sheƙo a guje ya tarye shi. Newton ya ga kansa sarai cikin ɗan nan. Bayan mako huɗu, abinci ya kusa ƙarewa, jirgin ya isa gaɓar Ailan. Har ƙarshen ransa, kowace shekara yakan keɓe ranar hadarin domin addu'a da godiya.

Abin da ba za mu ɓoye ba

Da labarin ya ƙare a nan, da ya yi daɗin ji. Amma gaskiya ita ce, bayan wannan ceto Newton ya koma cinikin bayi. Ya auri Mary Catlett a 1750, a shekarar kuma ya zama kyaftin. Sau uku ya ja jirgi zuwa Afirka ya yi lodin mutane ya kai su hayin teku. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa su yi sujada a bisa, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu maza da mata da yara suna ɗaure cikin duhu. Da ya ji waɗansu suna shirin tayarwa, ya sa aka azabtar da su. Shi da kansa ya rubuta wannan cikin littafin jirgi.

Ya bar saɓo, amma idonsa bai buɗe ga wannan mugunta ba, gama yawancin mutanen ƙasarsa suna ganinta sana'a ce kamar kowace. Daga baya ya shaida cewa a kwanakin nan bai zama mai bi na sosai ba tukuna. Kafin mu yi saurin jifansa, mu tuna laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Wane zunubi ne muke ɗauke da shi zuwa majami'a, ba ya damunmu domin kowa a gari yana yi?

A 1754 wani ciwo ya buge shi farat ɗaya, ya bar teku. Ya sami aikin kwastan a Liverpool, yana koyon Helenanci da Ibrananci da kansa. Ya nemi a naɗa shi mai hidimar Ekklisiya, aka ƙi. Sai a 1764 aka naɗa shi, aka aike shi wani ƙaramin gari mai suna Olney, wurin matalauta.

Mai wa'azin alheri

A Olney shi da abokinsa William Cowper suka rubuta waƙoƙi 348, aka buga su a 1779. A cikinsu akwai wadda ake kira Amazing Grace, wato alheri mai ban mamaki. Ya shirya ta domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773, daga 1 Labarbaru sura 17, inda Dauda ya zauna gaban Ubangiji yana mamakin inda aka kawo shi.

Koyarwar Newton ke nan dukan ransa. Allah bai rage tsarkinsa domin ya karɓe mu ba. Kristi ne ya ɗauki hukuncinmu a bisa giciye. Shi ne mai yi mana iso, adalcinsa kuma shi ne rigar da muke shiga da ita. Mutanen ƙasar Kabi sun san maɗoran Aliero. Wanda ya karye ba ya zama gida ya jira ƙashi ya haɗu kāna ya tafi. Da karayarsa ake kai shi. Amma fa maɗori ba ya sallamarsa da karkatacciyar ƙafa. Sai ya ja, ya miƙe, ya ɗaure, ko da zafi.

Haka alheri ya yi da Newton. A 1780 ya koma wata majami'a a Landan. A 1785 wani saurayi ɗan majalisar dokoki, William Wilberforce, ya zo neman shawararsa, yana tunanin barin majalisa. Newton ya ba shi shawara ya tsaya ya bauta wa Allah a can. A 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, Newton ya buga ɗan littafi ya tona muguntar cinikin bayi, ya furta nasa laifin a fili da kunya. Ya kuma ba da shaida gaban 'yan majalisa. Cikin Maris 1807 aka kafa dokar hana jiragen Ingila cinikin bayi. Ran 21 ga Disamba na shekarar ya rasu, yana da shekara 82, idonsa ya kusa rufewa. A rubutun da ya shirya domin kabarinsa, ya kira kansa tsohon marar bangaskiya da baran bayi a Afirka, wanda jinƙan Yesu Kristi ya kiyaye, ya gafarta masa.

Mu ma mun ci amfaninsa. Yana cikin waɗanda suka kafa mishan ta C.M.S. a 1799. Saboda dokar 1807 ne jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato wani yaro Bayarabe daga jirgin bayi a 1822, aka kai shi Saliyo. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864. C.M.S. ɗin nan kuma ita ta aiko Likita Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi duka a 1932.

Ya kai mai karatu, watakila ka daɗe ba ka yi addu'a ba domin kana jin kunyar abin da ka aikata. Kana jira ka gyaru tukuna. Newton ya gwada wannan hanya, ba ta kai shi ko'ina ba. Ko kuwa watakila ka daɗe cikin Ekklisiya, amma akwai wanda ka zalunta, ba ka kuwa furta ba. Kada ka jira shekara 34. Ka buɗe Luka sura 15 da Ibraniyawa sura 4 yau da dare, ka karanta, ka durƙusa, ka zo cikin sunan Yesu.