Leonhard Seppala, Mai Karnukan Alaska

Mu nan ba mu san kare da wani aiki ba sai farauta da tsaron gida, amma a Alaska a da shi ne doki, shi ke jan amalanke marar ƙafa bisa ƙanƙara. Seppala mutumin Norwe ne, an haife shi cikin 1877, ya tafi Nome neman zinariya cikin 1900. Can ya shahara wajen horon karnukan Sibiriya, ƙanana ne, amma ga jimiri. Togo, tun yana kwikwiyo, ya sha janye 'yan'uwansa su bi bareyin ƙasar a guje, su bar hanya. Seppala ya sa masa igiya, ya yi ta matsar da shi gaba har ya zama jagora.

Cikin 1925 mashaƙo ya faɗa wa yaran Nome, aka jera masu karnuka su riƙa miƙa wa juna magani. Wanda zai miƙa wa Seppala karnukansa suka hangi barewa, suka sarƙe, saura kaɗan su saɓa. Da ya karɓa, sai ya ratsa bisa daskararren teku cikin duhu da guguwa. Zuwa da komowa ya yi wajen mil 260, ya fi kowa, Togo kuwa yana da shekara 12. Seppala ya rasu cikin 1967.