Al-Kashi, Mutumin da Ya Auna Da'ira da Gashin Doki

Kakana bai taɓa jin kalmar pai ba har Allah Ya yi masa rasuwa, amma duk shekara sai ya yi aiki da ita. A ƙauyenmu da ke gefen Dambatta, in za a kewaye rumbu da zana, igiya yake ɗauka ya auna faɗin gindin rumbun, ya ninka sau uku, ya ƙara ɗan abu. Rumbu mai faɗin kamu 7, zana mai kamu 22. Sai da na zo makarantar nan na san cewa akwai malamin da ya bi diddigin wannan ɗan ƙarin har lamba 16 bayan ɗigo, kuma da hannu.

Sunansa Jamshid al-Kashi. An haife shi wajen 1380 a garin Kashan na ƙasar Iran, zamanin da yaƙe-yaƙen Taimur suka tagayyara yankin. Ya tashi da ilimin taurari amma babu abin hannu. A 1406 ya lura da husufin wata a Kashan ya rubuta lissafinsa, sannan ya yi shekaru yana rubuta littattafai yana sadaukar da su ga masu mulki, ko a dace da wanda zai riƙe shi. Ɗalibin da ya taɓa yawon neman tallafin karatu ya san wannan hali.

Sauƙi ya zo masa daga Samarkand, wadda yau take cikin Uzbekistan. Sarkin garin, Ulugh Beg, jikan Taimur ɗin nan ne, amma shi lissafi ne ya ɗauke masa hankali. Ya gina madarasa da gidan duban taurari, ya gayyato al-Kashi. Wasiƙun da ya aika wa mahaifinsa daga can suna nan har yanzu, kuma gaskiya malam bai iya ƙanƙan da kai ba: ya yabi Sarki, ya nuna yawancin sauran malaman ba su kama ƙafarsa ba.

A 1424 ya kammala Risalatul Muhiɗiyya, a kan alaƙar kewayen da'ira da faɗinta. Dabarar tsohuwa ce, ta Arkimidis na Girka: ka zana siffa mai gefe-gefe a cikin da'ira, wata a wajenta, to kewayen da'irar yana tsakanin nasu. Kana ƙara yawan gefen, tazarar tana tsukewa. Arkimidis ya tsaya a gefe 96, ya nuna pai bai kai 22/7 ba, wato zanar Kaka tana ɗan rara. Al-Kashi kuwa ya fara da gefe 6 ya yi ta ninkawa har 805,306,368. Ba zanawa ya yi ba fa, lissafi ne zalla, da tsarin sittin-sittin irin na minti da sakan, yana bin kowane mataki yana tantancewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tun kafin ya fara ya yanke inda zai tsaya. Ya ɗauki da'irar da faɗinta ya ninka na duniya sau 600,000, ya ce yana son kuskuren awon kewayenta kada ya kai kaurin silin gashin doki. Daga nan ya lissafa lambobi nawa aikin ke buƙata. Mu kuwa sai mu kwafe 3.141592654 daga kalkuleta don awon tankin da muka gwada da tef mai lanƙwasa. Kalkuletar ma ba ta nuna yawan lambobin da ya samo ba.

A 1427 ya gama Miftahul Hisab, littafin koyarwa da ya yi bayanin lambobin bayan ɗigo da yadda ake auna ƙubba da baka, abin da maginan soro na Kano za su gane nan take. Ya rasu a Samarkand ranar 22 ga Yuni, 1429. Sai a 1596 Ludolph van Ceulen ya wuce shi da lamba 20 a ƙasar Holan. Wani abokina ɗan Maraɗi ya yi mini dariya da na ba shi labarin nan, don su tun a sakandare da sunan al-Kashi ake koya musu dokar kosain.