Uwa Teresa: Sistar da ta Buɗe Ƙofa ga Masu Mutuwa a Titunan Kalkata

A ranar 13 ga Satumban 1997, sojojin Indiya suka ɗora gawar wata tsohuwa mai shekara 87 a kan keken igwa, suka ratsa titunan birnin Kalkata da ita. Keken nan ne ya ɗauki gawar Mahatma Gandhi a 1948, shi ne kuma ya ɗauki ta Jawaharlal Nehru, firaministan ƙasar na farko, a 1964. Wadda aka yi wa wannan karramawa ba a Indiya aka haife ta ba, ba ta taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, addininta ma na 'yan tsiraru ne a ƙasar. Ita ce sistar ɗariƙar Katolika da duniya ta sani da suna Mother Teresa, wato Uwa Teresa.

An haife ta a ranar 26 ga Agustan 1910 a garin Skopje, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Daular Usmaniyya, yau kuma shi ne babban birnin Masedoniya ta Arewa. Iyayenta 'yan ƙabilar Albaniya ne, sun raɗa mata suna Anjezë Gonxhe Bojaxhiu, kuma ita ce auta cikin 'ya'yansu uku. Mahaifinta, Nikola, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri. Ya rasu tana da kimanin shekara takwas, arzikin gidan kuma ya bi shi. Mahaifiyarta, Drana, ta koma ɗinki da sayar da yadi don ta riƙe 'ya'yanta, amma duk da ƙuncin da suka shiga ba ta daina ciyar da mabuƙatan da ke zuwa ƙofarta ba.

Tana da shekara 18, a 1928, ta bar gida ta nufi ƙasar Ailan, ta shiga ƙungiyar sistocin Loreto masu aikin koyarwa a Indiya. Rabuwar da ta yi da mahaifiyarta da yayarta Aga a wannan shekara ita ce ta ƙarshe. Daga baya su biyun sun koma Tirana, gwamnatin kwaminisanci ta Enver Hoxha kuma ta rufe iyakokin Albaniya ruf, ba shiga ba fita. Mahaifiyar ta rasu a 1972 ba tare da ta sake sa 'yarta a ido ba.

Ta sauka Kalkata a Janairun 1929, aka tura ta Darjeeling, a gindin tsaunukan Himalaya, don horon farko. A 1931 ta ɗauki alkawarin zaman zuhudu, ta zaɓi sunan Teresa, sannan ta ɗauki na dindindin a 1937. Kusan shekara ashirin ta yi tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta St Mary da ke unguwar Entally, inda ta koyar da ilimin labarin ƙasa, ta ƙware a harshen Bengali, har ta zama shugabar makarantar a 1944. Makarantar tana cikin harabar da aka kewaye da katanga, da lambu da tsabta da tsari. A bayan katangar kuwa unguwar Motijhil ce, matattarar talakawan da ke kwana cikin bukkoki a bakin kwatami.

Shekarun 1940 sun yi wa Kalkata mugun kamu. A 1943 yunwa ta afka wa lardin Bengal, bayan Japan ta mamaye Burma ta toshe hanyar shigo da shinkafa, farashi ya yi tashin gwauron zabi, Turawan mulkin mallaka na Birtaniya kuma suka fifita buƙatun yaƙi a kan cikin talaka. An ƙiyasta mutum miliyan 2 zuwa 3 ne suka mutu, da yawansu a bakin titunan birnin, inda suka gudo daga ƙauyuka neman abinci. A ranar 16 ga Agustan 1946 kuma rikici ya ɓarke tsakanin mabiya addinin Hindu da Musulmi, aka kashe dubban mutane cikin 'yan kwanaki. Masu rubuta tarihinta sun ruwaito cewa a waɗannan kwanaki ta fita ita kaɗai neman abincin da za ta ba ɗalibanta na kwana, ta ratsa gawarwaki a hanya, har sojoji suka tare ta suka mayar da ita makaranta da buhunan shinkafa.

Ba a cika wata guda ba, a ranar 10 ga Satumba, tana cikin jirgin ƙasa a kan hanyar Darjeeling, ta ji abin da ta ɗauka umarni ne daga Ubangijinta: ta bar gidan zuhudu ta koma cikin matalauta, ta zauna yadda suke zaune. Amma sista ba ta ficewa don kawai zuciyarta ta raya mata. Babban limamin Katolika na Kalkata, Ferdinand Périer, ya sa ta jira, kuma sai da aka shafe kusan shekara biyu ana musayar wasiƙu kafin izini ya zo daga Roma. A Agustan 1948 ta tuɓe baƙar rigar Loreto, ta ɗaura farin sari na auduga mai shuɗin baki, irin mai arha da matan talakawa ke ɗaurawa. Ta yi 'yan watanni a Patna tana koyon wanke gyambo da yin allura da karɓar haihuwa a wani asibitin sistoci. Iyakar iliminta na jinya ke nan, abin da zai zama batun muhawara shekaru da yawa bayan haka.

A Disamban 1948 ta shiga Motijhil, unguwar da ta daɗe tana hange daga taga. Makarantarta ta farko ba ta da allo ba ta da benci. Da tsinke take zana haruffan Bengali a ƙasa, yara na tsugune kewaye da ita. A Maris na 1949 wata tsohuwar ɗalibarta, Subashini Das, ta zo ta haɗu da ita, wasu suka biyo baya. A ranar 7 ga Oktoban 1950 aka amince da sabuwar ƙungiyar da ta kafa mai suna Missionaries of Charity, wato masu isar da saƙon jinƙai. Sistocin Katolika kan ɗauki alkawari uku: talauci, ƙin aure da biyayya. Ita sai ta ƙara na huɗu, shi ne yi wa mafi talauci cikin talakawa hidima da zuciya ɗaya ba tare da karɓar ko kwabo ba. Dukiyar kowace sista ba ta wuce 'yan zannuwan sari, da takalmi fade, da bokitin wanki, da littafin addu'a ba.

Aikin da ya fi fito da sunanta ya faro ne a 1952. Kalkata ta cika ta batse da 'yan gudun hijira tun bayan raba ƙasar da aka yi a 1947, asibitoci kuma ba su da gadon da za su ba wanda aka riga aka fid da rai da shi. Irin waɗannan mutane a gefen titi suke ƙarasawa, wani lokaci ɓeraye da tururuwa sun fara cin jikinsu tun da sauran numfashi. Ta matsa wa hukumar birnin lamba har aka ba ta wani tsohon masaukin baƙi a Kalighat, daf da wurin bautar Kali, ɗaya daga cikin wurare mafi tsarki ga mabiya Hindu a birnin. Ta sa masa suna Nirmal Hriday, ma'ana tsarkakkiyar zuciya.

Abin da ake yi a gidan ba shi da wuyar faɗi. A ɗauko mutum daga titi, a aske shi, a wanke shi, a cire tsutsotsi daga raunukansa, a ba shi abin da zai iya haɗiya, a rubuta sunansa a littafi idan yana iya faɗa. Wanda ya farfaɗo ya tashi ya tafi. Wanda kwanansa ya ƙare kuma ya cika a kan shimfiɗa, da wani a gefensa riƙe da hannunsa. Bisa tsarin da ƙungiyar ta bayyana, ana karanta wa Musulmi Alƙur'ani, ana ɗiga wa mabiyin Hindu ruwan kogin Ganga a leɓe, ana kira wa ɗan Katolika fada, sannan a miƙa kowace gawa ga mutanen addininta. Da farko maƙwabta ba su yarda ba. Ganin Baturiya Kirista a ƙofar wurin bautarsu ya sa suka yi zargin ta zo raba mutane da addininsu ne, aka yi ta jifan gidan. An ruwaito cewa ƙurar ta lafa ne bayan da sistocin suka karɓi wani mai hidima a wurin bautar da tarin fuka ya ci ƙarfinsa, suka yi jinyarsa har ya rasu.

Daga nan aikin ya yi rassa. A 1955 aka buɗe gidan marayu da jariran da aka yar. A 1957 aka fara zagayawa da motar magani wurin kutare, waɗanda a can ma, kamar a wurare da yawa, danginsu kan gudu su bar su. Da Fafaroma Paul na Shida ya ziyarci Bombay a 1964 ya bar mata farar motar alfarmar da ya shiga, ko sau ɗaya ba ta hau ta ba. Ta sa aka yi cacar tikiti a kanta, kuɗin ya tafi ginin matsugunin kutare na Shanti Nagar. A cibiyar Titagarh, masu fama da kuturta ne ke saƙa sarin da sistocin ƙungiyar ke ɗaurawa. Gida na farko a wajen Indiya an buɗe shi a Venezuela a 1965, sai Roma da Tabora ta Tanzaniya a 1968, sai New York a 1971.

Wani shirin talabijin na BBC da ɗan jarida Malcolm Muggeridge ya gabatar a 1969 ne ya kai fuskarta gidajen Turawa. Lambobin yabo suka biyo baya, mafi girmansu ita ce ta Nobel ta zaman lafiya a 1979, inda ta roƙi a soke liyafar da aka saba yi a Oslo a ba talakawa kuɗin. A jawabinta na ranar ta yi kakkausar suka ga zubar da ciki, abin da bai yi wa da yawa daga masu sauraronta daɗi ba. A 1980 Indiya ta ba ta Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja da farar hula ke samu a ƙasar. A 1982, ana tsakiyar luguden wuta a Beirut, ta tsallaka tare da ma'aikatan Red Cross ta kwaso yara 37 masu naƙasa daga wani asibiti da yaƙi ya rutsa da shi. A ƙarshen 1985 ta buɗe gidan masu cutar ƙanjamau a New York, a lokacin da mutane ke tsoron ko gaisawa da su.

Sai dai ba kowa ne ya yaba ba, kuma wasu daga cikin masu sukar sun san abin da suke faɗa. A 1994 Robin Fox, editan mujallar likitoci ta Lancet, ya ziyarci Kalighat. Ya yaba da tsabta da kulawar sistocin, amma ya lura ba a tantance wanda ciwonsa ke warkuwa daga wanda ba ya warkuwa yadda ya kamata, kuma babu magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. Wani likita haifaffen Kalkata, Aroup Chatterjee, da marubuci Christopher Hitchens sun zarge ta da ɗaukaka wahala maimakon yaƙar tushen talauci, da rashin bayyana yadda ake kashe maƙudan kuɗin gudummawa. Sun kuma kafa hujja da lambar da ta karɓa daga gwamnatin kama-karya ta Duvalier a Haiti, da kuɗin da ta amsa daga Charles Keating, attajirin Amurka da aka ɗaure kan zamba. Wasu da suka taɓa zama a ƙungiyar sun yi zargin ana yi wa masu gargarar mutuwa baftisma a ɓoye, zargin da magoya bayanta suka musanta.

Masu kare ta kan ce ba asibiti ta buɗe ba, mafaka ce ga waɗanda asibitoci suka kora, kuma dokokin Indiya na lokacin sun tsaurara samun magunguna irin su mofin. Duka biyun gaskiya ne. Amma hujjar da ta wadatar a 1952, lokacin da ba ta da komai sai hannuwanta, ta yi rauni a 1990, lokacin da kuɗi ke kwararowa daga ko'ina. Ƙungiyar da ta iya buɗe gidaje a ƙasashe sama da ɗari tana da halin ɗaukar likitoci a Kalighat. Ta zaɓi ta zauna yadda ta faro, kuma marasa lafiyar da ke kwance ba su ne suka yi wannan zaɓi ba.

Akwai kuma abin da ko sistocinta ba su sani ba sai bayan rasuwarta. Wasiƙun da ta rubuta wa limaman da ke ba ta shawara, waɗanda ta roƙi a ƙona amma aka adana, aka kuma wallafa a 2007, sun nuna cewa tun daga lokacin da ta fara aiki a titi ta daina jin kusancin Ubangiji a zuciyarta. Kusan shekara hamsin ta yi cikin wannan duhu, in ban da 'yan makonni a 1958. A duk tsawon wannan lokaci tana tashi kafin asuba ta yi addu'a, ta fita aiki da murmushin da duniya ta san ta da shi.

Ciwon zuciya ya fara kama ta a Roma a 1983, aka sa mata na'urar daidaita bugun zuciya a 1989. A wannan shekara ce ta samu shiga Albaniya, ta tsaya a kan kabarin mahaifiyarta da na yayarta. A Maris na 1997 ta miƙa shugabanci ga Sista Nirmala Joshi, wadda aka haifa a gidan mabiya Hindu. Ta rasu a ranar 5 ga Satumban 1997, ta bar sistoci kimanin 4,000 a gidaje 610 cikin ƙasashe 123. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar rasuwarta a matsayin ranar ayyukan jinƙai ta duniya.

A ranar 4 ga Maris na 2016 'yan bindiga suka kutsa gidan tsofaffi da ƙungiyar ke gudanarwa a birnin Aden na Yaman, suka kashe mutum 16, cikinsu har da sistoci huɗu: biyu 'yan Ruwanda, ɗaya 'yar Kenya, ɗaya 'yar Indiya. Wata shida bayan haka, a ranar 4 ga Satumba, Fafaroma Francis ya ayyana Uwa Teresa a matsayin waliyyiya a dandalin St Peter da ke Vatican. Da aka tashi daga taron, aka zaunar da marasa galihu 1,500 da aka kwaso daga biranen Italiya, sistoci masu farin sari suka bi su layi layi suna raba musu abincin rana.